Likitocin Farko da Masu Haɗa Magunguna a Ƙasar Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya shiga Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yau, ya ga 'yan gari maza da mata cikin farar riga suna zagaya marasa lafiya, zai ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali kakannin waɗannan matasa sun ga zamanin da likitocin lardin Sakkwato kakaf, tun daga Gusau har Yawuri, ba su cika yatsun hannu ba. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wancan zamani da mutanen da suka riƙe aikin.

Kafin zuwan Turawa, wa ake kai wa marar lafiya a Sakkwato?

Ya danganta da ciwon. Aikin da aka tara yau a asibiti ɗaya, a da rarrabe yake a hannun gidaje daban-daban, kuma galibi gado ne. Wanda ya karye, sai gidan maɗori: a ja, a daidaita ƙashi, a jera karare a ɗaure. Mai naƙuda, sai ungozoma. Mai neman saiwa ko sassaƙe, sai boka ko 'yar mai ganye a kasuwa, inda ake samun sabara, marke, maɗaci, filasko, bagaruwa da jar kanwa. Malami kuma yana ba da rubutu da tofi.

Duk abin da ya shafi aska kuwa na wanzami ne, kama daga kaciya, tsaga, cire beli har ƙaho. Wanda bai taɓa ganin ƙaho ba ya yi asarar kallo. Wanzami zai buɗe zabira, ya kafa ƙahon a bayan mutum, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya toshe hudar da ke tsinin. Idan fata ta taso sai ya cire, ya yi 'yan tsage-tsage da aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa, jini ya taru a ciki. Sana'ar tana da shugabanni da sarauta, shi ya sa har gobe ake da Sarkin Aska.

Ba duk abin da aka gada ne ke da kyau ba. Cire beli da aska ɗaya ga jarirai da yawa, da yankan gishiri ga mata, sun jawo asarar rayuka da nakasa. Amma ɗori, alal misali, har yanzu yana janye mutane daga gadon asibiti, kuma likitocin ƙashi sun san da haka.

Da gaske ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani?

Ƙwarai kuwa. Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya bar rubuce-rubuce da dama da Larabci a kan ɗibbu. Akwai wanda ya keɓe ga ciwon ido, akwai na basir, akwai na amfanin filasko, ban da waɗanda ya tattara magungunan da suka zo a hadisai. Ya ɗebo daga littattafan malaman Musulunci na da, ya kuma dubi cututtukan da ke damun jama'arsa. Wanda ya san ƙurar hunturu da zafin bazara a Sakkwato ba zai yi mamakin sarki ya zauna ya rubuta littafi a kan ido ba.

Ba shi kaɗai ba ne a gidan. Baffansa Abdullahin Gwandu ya taɓo lafiyar jiki a cikin Masalihul Insan, 'yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Saboda haka masu cewa ilimin magani a rubuce ya iso Sakkwato ne tare da Bature, ba su bi tarihi ba. Abin da Bature ya kawo shi ne wani tsari dabam: asibiti, tiyata da maganin sa barci, allura, da ma'aikaci mai albashi.

To, yaushe likitan Turawa ya fara taka Sakkwato?

Abin sha'awa, Sakkwato ce ta fara nema. Lokacin da Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, ya iso a 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, Sarkin Musulmi Bello ya nemi a aiko masa da jakada da likita daga Ingila. Da ma akwai likita a tawagar, Walter Oudney, amma ajali ya cim masa a kusa da Katagum a watan Janairu na wannan shekara, bai ga Sakkwato ba. A tafiya ta biyu an haɗo Clapperton da likitoci, su ma babu wanda ya iso. Cikin kyaututtukan da ya kawo wa Bello har da littafin Ibn Sina da Larabci. Shi kansa Clapperton ciwo ya kwantar da shi, ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, ba likita a kansa.

Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ana ce masa dakta, amma na karatu ne, ba na asibiti ba.

Likitoci na sosai sun shigo ne tare da sojan da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Aikinsu na farko shi ne kula da Turawan bariki, da soja, da 'yan sanda, da ma'aikatan gwamnati, da fursunoni. Talakan gari ba ya cikin lissafi sai daga baya. Don a gane yadda likitan wancan lokaci yake ɗaure da soja, a tuna rikicin Satiru na Fabrairun 1906: a gumurzun farko, inda aka kashe Turawa uku, likitan da ya raka su, Dakta Ellis, da rauni ya tsira.

Me ya sa likitocin farko duk Turawa ne? Babu baƙar fata da suka yi karatun?

Akwai su. Tun ƙarni na 19 'yan Saliyo da 'yan Ikko suke samun digirin likita a Ingila da Sikotilan. Sai dai a 1902 gwamnatin Ingila ta haɗe likitocinta na Afirka ta Yamma a ma'aikata ɗaya, ta kuma sa sharaɗin cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga. Baƙin likita, komai takardunsa, sai a ajiye shi a wani rukuni na ƙasa, da albashi ƙasa da na Bature. Makarantar likita ta Yaba a Ikko da aka buɗe a 1930 ma mataimakan likita take yayewa.

Su Turawan kuma ba sa daɗewa. Mutum zai yi shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, ya tafi hutu gida, ya dawo a tura shi wani lardi. Kafin ya iya Hausar da zai tambayi marar lafiya ina ke masa ciwo, an ɗauke shi. Wannan ne ya sa tafinta da ma'aikacin da ke tsaye kusa da shi suka fi shi sanin mutane, kuma mutane suka fi saninsu.

An ce da farko mutane gudun asibiti suke yi. Me ya sa, kuma me ya sauya ra'ayinsu?

Suna da hujja. A shekarun farko likitan Bature ba shi da maganin manyan annobai. Marisuwa, wato annobar mura ta 1918, ta share gidaje yana kallo. A 1921, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare, sanƙarau ya faɗa wa lardin Sakkwato, rahotannin Turawa da kansu suka ƙiyasta mutuwar sama da mutum 40,000. Abin da hukuma ke iya yi shi ne a kafa bukkoki a bayan gari a killace masu ciwon, a hana cin kasuwa da taruwa. Wanda aka kai bukka sau da yawa ba ya dawowa, don haka iyali suka gwammace su ɓoye nasu a ƙuryar ɗaki. Lambar agana ma ta sha ba da kunya, domin zafin rana kan kashe ruwan maganin kafin ya isa ƙauye, a tsaga wa yaro hannu a banza. Ga tsoron a yanke wa mutum ƙafa, ga tsoron a mutu a hannun wanda ba Musulmi ba, ba mai laƙƙana kalmar shahada.

Abin da ya jawo mutane ba wa'azi ba ne, gani da ido ne. Mai gwaiwa da ya shekara goma yana fama, aka yi masa tiyata ya koma gona. Mai tunjere aka yi masa allura, gyambunan suka bushe cikin makonni. Daga ƙarshen shekarun 1930 ƙwayar M&B ta iso, masu sanƙarau suka fara tashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma sai ga fenisilin. A ganina daga nan ne mutanenmu suka ɗauko son allura, har ta kai tsoho ya fito daga asibiti yana ƙorafi an sallame shi da ƙwayoyi kawai, ba a yi masa komai ba.

Wane ne disfensa, kuma mene ne aikinsa?

Idan ana maganar wanda ya kai maganin asibiti ga talakan ƙasar Sakkwato, wannan shi ne mutumin, ba likita ba. Daga wajen 1930 En'e, wato hukumar gargajiya, ta shiga gina ɗakunan shan magani a hedkwatocin gundumomi, da kuɗin baitulmali, wato harajin talakawa. Aka riƙa ɗauko samarin da suka yi elemantare ko midil, aka horar da su aka tura su.

Iri biyu ne. Akwai disfensa mai takardar shaidar haɗa magani, wanda yawanci ke babban asibiti. Akwai kuma ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye, mai gajeren horo. Mutanen gari dai ba ruwansu, malamin asibiti suke ce wa kowa, wani lokaci ma likita.

Shi disfensa, haɗa magani yake yi da hannunsa, domin a lokacin yawancin magani ba a ƙunshe yake zuwa ba. Yana da sikeli ƙarami, da turmin tangaran, da kofin awo na gilashi. Zai auna gari, ya dama, ya tace, ya cika manyan kwalabe: wannan na tari, wannan na zawo, wancan na wankin ciki, ga ruwan kwinin mai ɗacin tsiya. Man shafawa ma shi ke kwaɓawa. Magunguna masu haɗari suna cikin kabad da kwaɗo, makullin yana aljihunsa, kowane awo sai ya shiga littafi.

Na ƙauye kuwa shi ne komai. Da sassafe ya ɗora tukunya a kan risho ya tafasa sirinjin gilashi da allurai, domin ba a san yar-da-an-gama ba a lokacin. Kafin ya buɗe taga, baranda ta cika. Kowa da kwalbarsa a hannu, don ba a ba da kwalba. Masu gyambo suna gefe guda sun miƙe ƙafafu, a wanke, a shafa aidin ko shuɗin maganin nan da ake ce wa jibi, a naɗe. Mai kurkunu a naɗe masa tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, don in ta tsinke a ciki an shiga uku. Yaro mai tsargiya, mace mai goyon da jikinsa ya yi zafi, wanda kunama ta harba. Da yake yawancin mutane ba su da agogo, sai ya ɗaura shan magani da salla: «Baba, cokali ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan lisha. Kada a shanye rana ɗaya don a warke da wuri.» In an buga masa ƙofa da tsakar dare, ya ɗauki fitila da jaka ya hau keke. Ƙarshen wata ya rubuta rahoto, ya jira ranar da likita zai zo rangadi ya duba littafi, ya ƙirga kwalabe.

Ba a rasa ɓata-gari a cikinsu ba, masu sayar da maganin En'e ko yin allura a gida don kuɗi. Amma mafi yawansu sun tsufa da mutunci a garuruwan da ba nasu ba, ana kiran su sasanta rigima da ɗaurin aure. Abin takaici shi ne an sa wa tituna da asibitoci sunayen manya, su kuwa sunayensu sun tsaya a bakin tsofaffin garin da suka yi wa aiki.

A ina ake horar da su?

Zariya ce cibiya. A 1930 aka buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a can domin Arewa, bayan ta Yaba da ke Ikko. Malam Sa'adu Zungur ya taɓa koyarwa a cikinta. Duba-gari kuma Kano ake kai su, makarantar tsabta da aka kafa a 1932. Masu wanke ciwo da nas-nas maza, yawanci a cikin asibitin lardi suke koyo, a bakin aiki. Digiri a fannin haɗa magunguna bai samu a Arewa ba sai bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da wasu shekaru.

Ina labarin 'yan mishan? Ba an hana su shiga ƙasar Musulmi ba?

An taƙaita su sosai, amma kuturta ta buɗe masu ƙofa. A ƙarshen shekarun 1930 aka yi yarjejeniya mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta karɓi kula da kutare a wasu lardunan Arewa: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, kan hanyar Gusau. Wuraren sun zama kamar ƙauyuka, da gonaki da makaranta. Maganin farko allurar wani mai ne da ake samu daga itacen ƙasar Indiya, mai zafi ƙwarai, amfaninsa kaɗan. Sai wajen 1950 ƙwayar dafson ta zo, aka fara ba mutum magani yana zaune a gidansa. Da yawa daga cikin waɗanda suka warke a irin waɗannan wurare sun koyi allura da wanke ciwo, suka zama ma'aikatan lafiya su ma.

Zancen addini bai taɓa kwanciya ba. Sarakuna suna son maganin, suna kuma sa ido kan yaran da ke zaune a hannun mishan. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe asibitocin. Amanawa na nan har yau a matsayin asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Asibitin ido na Kano da asibitin Galmi a Nijar, wanda aka buɗe a 1950, su ma na SIM ne asali, kuma Sakkwatawa sun daɗe suna zuwa duka biyun.

Wane ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita, kuma me ya jawo jinkiri?

Dakta Russell Aliyu Barau Dikko, haifaffen 1912, wanda ya tashi a Wusasa ta Zariya. Ya yi karatu a Jami'ar Birmingham a Ingila, ya kama aikin gwamnati a 1940. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zama kwamishinan tarayya zamanin Janar Gowon, ya rasu a 1977. Sunansa ne a kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. Bayansa aka samu irin su Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, da Farfesa Umaru Shehu na Barno.

Jinkirin kuwa daga makaranta ya faro. Karatun likita yana buƙatar sakandare mai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, Arewa kuma an daɗe kwaleji ɗaya ce tilo, ta Katsina, wadda aka kafa don yaye malaman makaranta. Yaron Sakkwato da ya yi fice a midil, hanyar da ke gabansa ita ce koyarwa ko ofishin En'e, kamar yadda Sardauna Ahmadu Bello da Alhaji Shehu Shagari suka fara da alli. Gwamnatin Arewa ta buɗe makarantar likita a Kano a 1955 don cike giɓi, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci a 1967. Sakkwato ba ta samu jami'arta ba sai 1975, asibitin koyarwa kuma a 1980.

Mata fa?

Su suka fi shan wuya. Matar kulle ba ta zuwa gaban likita namiji, iyaye kuma ba sa son 'yarsu ta yi aikin da za ta kwana a waje tana taɓa jikin baƙi. Saboda haka nas-nas mata na farko Turawa ne da 'yan Kudu, haihuwa kuma ta ci gaba da zama a hannun ungozoma, ba a kai mace asibiti sai naƙuda ta kwana biyu ko uku. Yoyon fitsarin da ake yi wa aiki a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, tushensa ke nan.

Me ya sa tsofaffi ke yawan ambaton likitoci Indiyawa da Misirawa?

Domin su suka riƙe asibitoci kusan shekara ashirin. Bayan samun 'yancin kai a 1960 Turawa suka yi ta tafiya. Rikicin 1966 ya sa ma'aikatan lafiya 'yan Gabas, waɗanda su ne da yawa a ɗakin magani da ɗakin gwaji, suka koma gida. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma da hedkwata a Sakkwato, ga sabuwar ma'aikatar lafiya, ba likitoci. Sai aka shiga ɗauko su da kwangila daga Indiya, Pakistan, Masar da Filifin. Wasunsu sun iya Hausa raɗau. A wannan tsakanin ne aka yi gangamin lambar agana da bindigar allura, ƙauye-ƙauye, da taimakon hakimai da dagatai, har cutar ta ƙare a Najeriya a 1970. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi, yawancin baƙin suka tattara nasu ya nasu.

Mai kemis na unguwa shi ne magajin disfensa?

A'a, ko da yake ya gaji amanar da mutane suka ba disfensa. Magajinsa na gaskiya shi ne masanin haɗa magunguna mai digiri da rajista, wanda doka ta yarda ya ajiye kowane irin magani ya bayar bisa takardar likita. Mai kemis lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu, ba a yarda ya yi allura ko ƙarin ruwa ba. Kowa ya san abin da ke faruwa a bayan labule. Dalili kuwa shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ɗakin shan magani tun farko: likita ya yi nisa, shi kuwa yana bakin ƙofa, kuma yana ba da bashi.

Kakana ya yi aikin asibiti zamanin En'e. Ta ina zan fara neman tarihinsa?

Fara daga gida. A buɗe adaka da tsohuwar akwatin ƙarfe, a nemi takardar shaidar gama horo, takardar ɗaukar aiki, katin fansho, da hotuna. Bayan hoto sau da yawa akwai shekara da sunan gari. Daga nan a je garuruwan da ya zauna, a tambayi fadar hakimi da tsofaffin ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya, a ɗauki muryarsu a waya tun suna da rai. Fayilolin lardin Sakkwato na zamanin Turawa, har da rahotannin lafiya na shekara-shekara, suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Gidan Arewa ma yana Kaduna, a Sakkwato kuma akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. A tafi da cikakken sunansa yadda Bature zai rubuta shi, domin sau da yawa sunan garinsu ake liƙa masa a maimakon na mahaifi, kuma a riƙe shekarun da ya yi aiki ko da ƙiyasi ne, don da su ma'aikacin wurin zai nemo fayil.